Itacen Gona da Mai Gona: Binciken Daji da Hanyar Isar da Shi ga Manomi



An nemi in yi magana a kan binciken da masana ke yi game da daji da itatuwa, da kuma yadda za a isar da sakamakon binciken nan ga mutanen da ke da dajin kansu, watau wanda ba na hukuma ba. Na san akwai wanda zai ce a ransa, ai mu nan ba mu da irin waɗannan mutane, domin daji na Allah ne, in kuwa an kewaye shi an kafa masa alama, ya zama gandun Gwamnati. Lalle idan muka dubi ƙasa kamar Finlan, inda fiye da rabin dajin ƙasar yake hannun iyalai, kowane gida da yankinsa, suna da ƙungiyoyinsu masu ɗaukar ma'aikata don ba su shawara a kan lokacin sara da lokacin dashe, za mu ga ba mu da wannan tsari. Amma duk wanda ya bi hanya daga Kano zuwa Ɗambatta, ko daga Daura ya tsallaka zuwa Matamaye, in ya dubi dama da hauni, me zai gani? Ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo ne tsaitsaye a cikin gonaki, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ba shi da mai shi. Dajin talaka a ƙasar Hausa a cikin gonarsa yake. Daga nan ake samun itacen girki da dirkar rumbu da ƙotar fartanya da kalwa da miyar kuka da abincin awaki a ƙarshen rani. Saboda haka mai dajin kansa da zan yi magana a kansa yau shi ne manomi, kuma zan ɗauki mafi yawan misalaina daga jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, domin a can ne aka ga abin da ya kamata kowane ɗalibin ilmin daji ya sani.

Sai mun koma baya kaɗan kafin mu gane dalilin da ya sa bincike ya daɗe bai waiwayi wannan mutum ba. A 1935 wani shehun malamin ilmin daji na Jami'ar Edimbara, mai suna E. P. Stebbing, ya buga maƙala bayan ya zagaya waɗannan ƙasashe namu, yana gargaɗin cewa Sahara tana gangarowa kudu, kuma in ba a tare ta da ɗamarar itatuwa ba za ta cinye ƙasar noma. Maganar ta tayar da hankalin Ingila da Faransa har suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta masanan daji, wadda ta bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937. Hukumar ta dawo ta ce ba ta ga alamar rairayi na tafowa kamar runduna ba. Inda ƙasa ta lalace, aikin mutane ne a wurin ya lalata ta. To, amma ko an bi ta Stebbing ko an bi ta hukumar, wuri guda aka ɓulla: manomi da makiyayi su ne masu laifi, aikin ma'aikacin daji kuwa shi ne ya kare itace daga hannunsu. A ɓangaren Faransa dokar daji ta 1935 ta mai da duk dajin da ba a ga takardar mallakarsa ba ya zama na hukuma. A ɓangarenmu aka yi ta yanka gandun daji a ƙarƙashin En'e. Tun daga lokacin, in aka ce ga malamin daji nan tafe, ba murna mutanen ƙauye ke yi ba, ɓoye gatari suke yi.

Binciken da aka kafa ya bi wannan turba. An buɗe sashen binciken daji na tarayya a Ibadan a 1954, aka buɗe tashar binciken dajin ƙasashen Arewa a Samaru a 1964. An yi aiki mai kyau a wuraren nan, kada a raina shi. An gwada ire-iren itacen turare da sauran baƙin itatuwa a Afaka da wasu wurare, an san wanda ke jure fari da wanda gara ke ci, an san tazarar dashe da yawan itacen da hekta guda za ta bayar. Darbejiya ma, wadda yau ta zama kamar 'yar gida, baƙuwa ce daga Indiya, ma'aikatan daji ne suka yaɗa ta, kuma babu garin da bai ci moriyar inuwarta ba. Sai dai duk tambayoyin da aka yi ƙoƙarin amsawa tambayoyin mai gandu ne, watau wanda ke da fili kewayayye da lebura da motar ban ruwa. Mai gona huɗu da jaki ɗaya ba a tambaye shi abin da ke damunsa ba. Daɗin daɗawa, a daidai wannan zamani malamin gona yana koya masa cewa manomin kirki shi ne wanda ya tumɓuke kututture ya share gona fes, domin garmar shanu ta wuce, gyaɗa ta sami rana. Ma'aikata guda tana cewa a tumɓuke, ɗaya tana cewa a dasa, manomi yana tsakiya.

Bari in tsaya a kan gawo, domin labarinsa ya isa misali. Kowa ya san halin gawo na saɓa wa 'yan'uwansa: da damina, sa'ad da kowane itace ke ganye, shi sai ya kakkaɓe nasa ya tsaya tsirara, da rani kuwa, sa'ad da daji ya bushe, sai ya yi kore shar. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa ƙwarai har ta tarar da ruwa, shi ya sa rani ba ya damunsa. Amfanin wannan hali ga manomi a fili yake. Ganyen yana zuba a daidai lokacin shuka, ya ruɓe ya zama taki. Inuwa ba ta danne gero. Dabbobi suna taruwa a gindinsa da rani don inuwa da 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Kuma yana cikin dangin itatuwan da saiwarsu ke ƙara wa ƙasa sinadarin da ke sa amfanin gona ya yi kore. Manoma sun san wannan tun kaka da kakanni, har tarihin Damagaram ya riƙe cewa sarakunanta suna yin hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo. A 1965 wasu masana biyu, Charreau da Vidal, suka auna abin a tashar bincike ta Bambe a ƙasar Sanagal, suka tarar geron da ke ƙarƙashin gawo ya ninka na fili, har ya fi. Daga baya masu bincike a Sadore kusa da Yamai suka kawo wata magana mai ma'ana, cewa wani ɓangare na wannan albarka ba gawon ne ya kawo ta ba, shi ma ya fi kamawa ne a inda ƙasa ke da ƙarfi tun asali, kamar tsohon suri. Wannan shi ne aikin bincike na gaskiya, ya auna abin da manomi ya gani da ido, ya rarrabe dalilansa.

To, me aka yi da wannan sani? An rubuta shi da Faransanci da Ingilishi a mujallun da manomi ba zai taɓa gani ba, sa'an nan aka mai da shi doka. Dokar daji ta Nijar ta 1974 ta jera wasu itatuwa da aka hana sarewa ko sassaƙewa sai da izini, gawo yana cikinsu, ko da kuwa a tsakiyar gonar mutum yake. Niyyar masu dokar kyakkyawa ce, amma ku sa kanku a matsayin mai gona. Ga ɗan gawo ya tsiro a gonarka. In ka bar shi ya girma, ya zama na hukuma: ba ka da ikon yanke reshensa, in wani ya zo da dare ya yanka kai za a ci tara, kuma ka jawo wa kanka ziyarar ma'aikaci mai kaki. In kuwa ka sa fartanya ka cire shi tun yana ƙarami, babu mai tambayarka. Wanne za ka zaɓa? Manomi ba jahili ba ne, lissafi ya yi. Dokar da aka yi don kare manyan itatuwa ita ta hana ƙanana tasowa.

Sai ga fari ya zo, daga 1968 zuwa 1974, dabbobi suka mutu, mutane suka watse. Duniya ta kawo agaji, aka zuba kuɗi mai yawa a aikin dashen itatuwa. Aka kafa wuraren reno, aka raba dashe a leda, aka yi gandun ƙauye da waya kewaye. Mafi yawansu ba su kai ko'ina ba. Dashen da aka rena da ruwan bokiti, saiwarsa ta naɗe a cikin leda, in aka kai shi fili sai ya haɗu da rana da gara da akuya, kuma ba shi da wani takamaiman mai shi da zai tashi da asuba dominsa. An sami inda aka dace, kamar kwarin Majiya a jihar Tawa, inda tun 1975 aka dasa layukan darbejiya masu tare iska, suka kama, suka kuma taimaki amfanin gona. Amma ko a can, da itatuwan suka isa sara, tambayar da ta taso ita ce, na wane ne?

A cikin wannan hali ne wani ma'aikacin aikin gona ɗan ƙasar Ostiraliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki da wata ƙungiyar mishan a Maraɗi, ya lura da wani abu a 1983, bayan shi ma ya sha fama da dashen da ba ya rayuwa. 'Yan ƙananan kurmin da ke warwatse a gonaki, waɗanda ake sassabewa a ƙone kowace bazara, ashe ba ciyawa ba ne. Toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa, kalgo da sabara da magarya da geza da aduwa da sauransu. An sare kai, amma saiwa tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, ta shekara ashirin ko talatin tana neman ruwa, ta san wurin. Duk shekara takan turo toho, duk shekara a datse. Watau dajin da ake kashe kuɗi don a dasa, yana nan kwance a ƙarƙashin gonaki yana jiran a ƙyale shi.

Aikin da ya biyo baya, wanda a can ake kira sassaben zamani, ba shi da wuya, amma yana da ƙa'ida, kuma zan bayyana ta dalla-dalla domin ma'aikatan da ke nan. Lokacin sharar gona, maimakon manomi ya bi kowane kurmi da adda, sai ya zagaya ya zaɓi kututturen da yake so ya raya, gwargwadon irin itacen da bukatarsa. A kan kowane kututture zai tarar da toho goma ko ashirin suna gasar abinci, babu mai iya tashi. Sai ya zaɓi waɗanda suka fi tsawo da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya datse sauran. Waɗanda ya bari sai ya rage musu rassan ƙasa har zuwa wajen rabin tsayinsu, kada ya wuce haka, domin in ya tsiraita su iska za ta karya su ko akuya ta lanƙwasa su. Ƙarfen ya zama mai kaifi, kuma a yi yankan daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya yage cuta ta shiga. Wasu sukan ɗaura tsumma a jiki, alamar cewa wannan da mai shi. Bayan 'yan watanni a komo a sake gyarawa. Da yake duk ƙarfin tsohuwar saiwa ya koma kan 'yan sanduna kaɗan, girman da suke yi cikin shekara biyu ko uku dashen leda ba ya yin kusa da shi. Hikimar barin sanda fiye da ɗaya kuwa ita ce, manomi yana iya yanke guda kowace shekara ya yi girki ko ya sayar, ya bar sabon toho ya maye gurbinta, itacen bai mutu ba, shi kuma bai jira shekara goma kafin ya ɗanɗana ba. Ƙiraren da aka datse ma ba a yar ba, uwargida ta samu na hura wuta tun ranar farko. Babu leda, babu ban ruwa, babu waya. Adda ce kawai, wadda dama tana ratayen kowane gida.

Kada a ɗauka da jin haka mutane suka rungumi abin. Waɗanda suka fara, dariya aka yi musu, aka ce ƙazaman manoma ne masu barin gona da datti, wasu ma da dare aka sace musu sandunan. Da yunwar 1984 ta zo, sai aka haɗa aikin da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100: wanda ya raya itace a gonarsa ya sami tsaba. Aka raya itatuwa dubbai ɗaruruwa. Da aka daina rabon, sai mutane suka sare wajen kashi biyu cikin uku. Wanda ya tsaya a nan zai rubuta rahoto ya ce aikin ya faɗi. Amma an riga an ga abin da ba a taɓa gani ba: ƙasa guda an noma gero a tsakanin itatuwa, geron bai mutu ba, iska ba ta binne shuka ba kamar da, ga kuma itace a hannu. Waɗanda suka riƙe nasu suka fara sayar da sanduna a kasuwa, maƙwabta suna kallo. Gani ya kori ji.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nauyi, shi ne batun mallaka. An roƙi ma'aikatan daji na yankin su sassauta, su bar wanda ya raya itace ya amfana da shi ba tare da tara ba, suka yarda. A shekarun da suka biyo baya kuma aljihun Gwamnati ya yi rauni, ma'aikata suka rage shiga ƙauyuka, mutane suka fara ɗaukar itacen gona a matsayin nasu tun doka ba ta faɗa ba. Dokar ƙasar noma ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 sun zo daga baya suka ƙarfafa haƙƙin mutanen karkara a kan abin da ke gonakinsu. Abin lura ne, kuma ba mai daɗin ji ba ga mu ma'aikata, cewa itatuwa sun fi yawaita a lokacin da mai tsaronsu ya ja da baya.

Ta yaya sanin ya yaɗu? Ba ta takarda ba. Manomi ya je cin kasuwa ko zaman makoki a wani gari, ya ga gonar wani, ya tsaya ya yi tambaya. Ɗan cin rani ya dawo da labari. Ƙungiyoyin raya karkara suka gane haka, suka riƙa ɗaukar manoma a mota daga wannan ƙauye zuwa wancan, su bar su su yi magana da juna, ma'aikaci yana gefe. Gidajen rediyo suka taimaka da harshen da mutane ke ji. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Agiye, mutane suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, da maza da mata da wakilan makiyaya a ciki, suka tsara wa kansu dokoki da tara, kuma tarar nan ta fi ta hukuma tasiri domin kowa ya san wanda ya sa ta da inda kuɗin ke zuwa. A kudancin Damagaram kuwa, watau Magarya da Matamaye da Mirriya, inda jama'a suka yi yawa har babu sauran saura, manoma da kansu suka koma ga al'adar iyayensu ta rayar da gawo, ba tare da wani babban shiri daga waje ba.

Yanzu ga abin da ya kamata ya sa masu bincike su yi tunani. Wannan aiki ya yi kusan shekara ashirin yana gudana kafin masana su san girmansa. Sai wajen 2004 zuwa 2006 ne Chris Reij ɗan ƙasar Holan, da Gray Tappan na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka, da masanan Nijar irin su Mahamane Larwanou, suka bi ƙasar, suka gwada hotunan jirgin sama na 1975 da hotunan tauraron ɗan'adam na sabon zamani. A wurare kamar Galma, inda tsohon hoto ya nuna fili fetal da 'yan ɗige-ɗige, sabon ya nuna itatuwa birjik, alhali kuwa mutanen garin sun ƙaru. Ƙiyasin da suka buga a 2009 ya ce abin ya shafi hekta wajen miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Hekta miliyan 5 ta fi faɗin Jihar Kano sau biyu da 'yan kai. Sun kuma ƙiyasta ƙarin hatsi wajen tan 500,000 a shekara. Waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne, musamman na hatsin, kuma masana sun yi muhawara a kan rabon da dawowar ruwan sama bayan shekarun fari ya taka. Muhawarar tana da kyau. Amma ruwan ya sauka a gonar mai rayarwa da gonar mai sassabewa baki ɗaya, kuma a hoto ana iya ganin iyakar da ke tsakaninsu. Me ya sa ba a gani da wuri ba? Domin ma'aikatar daji tana ƙirga abin da ta dasa da abin da ta kewaye, ma'aikatar gona tana ƙirga buhuna, itacen da ke tsaye a cikin gero ba ya cikin littafin kowa. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya a Suwidin, tare da Yakuba Sawadogo, manomin Barkina Faso wanda ya farfaɗo da busasshiyar ƙasa ta hanyar haƙa ramukan shuka da zuba taki, ya rasu a 2023.

A gefenmu na iyaka ma an sami darasi irin wannan. A shekarun 1970 da 1980 ana ta lissafin cewa birane za su cinye dajin da ke kewaye da su saboda itacen girki, har ana faɗin shekarar da itace zai ƙare. Michael Mortimore da abokan aikinsa na Jami'ar Bayero suka auna itatuwan gonakin da ke kewaye da birnin Kano, aka buga sakamakon a 1990. Suka tarar a ƙasar nan mai cunkoson jama'a, inda ake noma kowane taƙi kowace shekara, itatuwan gona ba su ƙare ba, ana kula da su, ana maye gurbinsu. Itacen da birni ke ƙonawa daga nesa motoci ke kawo mafi yawansa, daga dazuzzukan da ba su da takamaiman mai su. A karkarar Kano ɗorawa dukiya ce, ana gadonta, ana sanin mai ita, wani lokaci ma mai itacen daban mai gonar daban. Wanda zai sare ɗorawar wani ya san sai sun haɗu a gaban alƙali.

Ba ina nufin manomi ya gama sanin kome, masu bincike su naɗe tabarmarsu ba. Akwai tambayoyi da yawa da ba zai iya amsa wa kansa ba, kuma su ne ya kamata jami'a ta ɗauka. Itace nawa hekta guda za ta ɗauka kafin saiwa da inuwa su fara cin gero? Amsar jigawa ba ita ce ta ƙasar laka ba, amsar gawo ba ita ce ta kalgo ba. Manoma da yawa suna ƙorafin itace na tara tsuntsaye, wannan magana ce da za a iya aunawa, a daina musunta ta da baki. Inda aka tumɓuke kututture da tarakta, ko ƙasa ta zama fako, babu saiwar da za ta yi toho, dole a koma ga iri da dashe, kuma a nan ne aikin Samaru zai yi rana. Akwai batun kasuwa, domin in dillali ne ke cinye ribar itace, mai gona zai gaji. Sa'an nan akwai waɗanda maganar mallaka takan tsallake. Wanda ya karɓi gona aro ko jingina ba ya raya itace, mai gonar ma ba zai so ba, don kada gobe a ce ya kafa hujja. Mata su ne masu tsinkar ganye da ɗiban kalwa da neman ƙirare, amma gonar galibi ba tasu ba ce, kuma itacen da ya sami mai shi yana iya zama itacen da aka hana su. Makiyayi da ya saba sassaƙe gawo don shanunsa da rani, in ya tarar kowane gawo an ɗaura masa tsumma, ina zai nufa? In ba a zauna da shi tun farko ba, kamar yadda mutanen Ɗan Saga suka yi, to, an shuka rigima tare da itacen.

Ga ma'aikatan da ke zaune a nan, musamman na ma'aikatun gona da na muhalli, ina da roƙo ƙwaya ɗaya. Ku koma ofis ku buɗe dokar daji ta jiharku, ku duba abin da ta ce game da itacen da mutum ya raya a gonarsa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa amana a hannun Gwamna, dokokin daji na jihohi kuwa da yawansu sun gaji tsarin zamanin Turawa na neman izini kafin a sare wasu itatuwa. In manomi sai ya yi tafiyar yini ya biya kuɗi kafin ya yanke abin da ya rena da hannunsa, duk wa'azin da za ku yi masa a ranar dashen itatuwa zai shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Shirin nan na ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Sanagal zuwa Jibuti, da siffar ɗamarar Stebbing ya fara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna hekta wajen miliyan 4 kacal aka farfaɗo a cikin yankin shirin, daga miliyan 100 da aka yi niyya. Ku gwada wannan da abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi da adda. Masu shirin da kansu sun sauya tunani, sun karkata ga gyaran gonaki da makiyaya maimakon layi guda na dashe.

Ku kuma ɗalibai, mafi yawanku 'ya'yan manoma ne, kuna da abin da baƙon masani ba shi da shi, watau harshe da dangantaka. Kayan aiki ma sun samu: a 2020 wasu masana sun yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da kwamfuta suka ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8, ɗaya bayan ɗaya, a yammacin Sahara da Sahel, a wuraren da taswira ke nuna babu daji. Amma hoto ba zai gaya muku wanda ya raya itacen ba, ko dalilin da ya sa maƙwabcinsa ya sare nasa. Wannan sai an zauna a gindin itacen an tambaya. Idan kun tashi zaɓen abin da za ku rubuta kundin digiri a kansa, ku je gida da bazara kafin a fara sharar gona. Ku auna hekta guda, ku ƙirga kututturen da ke toho a cikinta, ku rubuta sunan kowanne kamar yadda tsofaffi ke kiransa, ku tambayi mai gonar wanne zai bari in an tabbatar masa nasa ne, ku tambayi matarsa ita ma, domin amsarsu ba lalle ta zama ɗaya ba. In kun gama kundin, ku fitar da shafi biyu da Hausa, da boko da ajami, ku kai wa mai unguwa da limamin garin da gidan rediyo mafi kusa, ku kuma ajiye kwafi a ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma.

Shugaba, nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.